Wuƙar Bahago

Greensboro, Maris 2005

Zuwa ga yayata Saadatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, ta saki? Yaya Baba da maƙera? Muna jin labarin tsadar hatsi a Damagaram bana, Allah ya kawo sauƙi. Mu nan lafiya lau. Matata Zahara tana gaishe ki, sanyi kuma ya fara ja da baya.

Yaya, magana ce da ni, kuma ba ta waya ba ce. Kin san kunnen Baba, ƙarar masaba ta gama da shi. In na kira sai mu yi ta ɗaga murya ni da shi har kati ya ƙare ba mu wuce gaisuwa ba. Ke ce kika iya zama kusa da shi ki sa masa magana a hankali, shi ya sa na rubuto miki.

Kin san ina aiki a gidan abincin nan na Elm Street, a tsakiyar gari. Tun da na shiga ni ne mai feraye dankali da yankan albasa da wanke ganye. Ba na raina aikin, shi ya riƙe mu. To maigidana, shef Eli, shugaban masu girkinmu, ya taɓa zama a Japan ya koyo yankan kifi irin nasu, kuma a gaban gidan abincin akwai wani dogon teburi inda ake yanka kifin a idon mai ci. Ɗanye, Yaya. Na san yanzu kin yamutsa fuska. Ni ma haka na yi da farko, ɗan unguwar Zango da bai san kifi ba sai busasshen Kasuwar Dole. Mai taimaka masa a teburin wata dattijuwa ce, Lucia, kuma ƙarshen shekara za ta bar aiki ta koma wajen 'ya'yanta. Eli yana neman wanda zai maye gurbinta. Ina son wurin nan ƙwarai. Babu alade, kifi ne da shinkafa, kuma sana'a ce da mutum zai ce ya iya wani abu.

Ga inda maganar take. Wuƙar da ake wannan aiki da ita ba irin ta kanti ba ce. Maƙera ne suke ƙera ta da hannu a Japan, ɗaya bayan ɗaya, da baƙin ƙarfe irin na Baba, mai tsatsa in an bar shi da jiƙa. Doguwa ce siririya, ta kusa kamu ɗaya. Kuma gefe ɗaya kawai ake wasa mata, ɗaya gefen a miƙe yake. Saboda haka kowace wuƙa da hannunta: akwai ta dama, akwai ta hagu, kuma ba a musanya su. Lucia bahaguwa ce.

Rannan wani kwano ya zamo daga kantar kwanuka, na cafe shi tun bai kai ƙasa ba. Da wane hannu? Ke ma kin sani, ke da har yau ba ki daina ce min Bahago ba. Eli ya gani. Washegari ya kira ni teburin, ya ajiye min gutsuren kifi, ya sa min wuƙar Lucia a hagu. Ban yi tunani ba, na ja ta sau ɗaya yadda na ga suna yi, daga gindi zuwa tsini. Yaya, yankan ya kwanta sumul, fuskarsa tana sheƙi. Na sake, ya fito daidai da na farko. Shekara da shekaru ina yanka da dama, ban taɓa jin wuƙa ta zama tawa ba sai ran nan. Na ajiye ta.

Kin tuna yadda Baba yake cusa min hannun hagu cikin riga in za a ci tuwo, har na saba da dama. Ba na ƙullace shi, haka aka yi wa kowane bahago a unguwarmu. Kuma kin tuna da ya ji na sami aikin abinci a nan, saƙo ɗaya ya aiko min ta bakinki: kada in ciyar da bayin Allah da hagu. Na ce to. Ban karya ba, in ban da yankan nan biyu, su ma ban bari an ba kowa ba.

Eli ya ce dole in mallaki wuƙata, kuma sai an aika Japan an ƙera, wata da watanni. Abu na farko da za su tambaya shi ne ta wane hannu. Don Allah ki sami Baba ran da ya ci abinci ya huta, ki karanta masa wannan. Ki gaya masa ci da sha da miƙa wa mutum abu duk da dama nake yi, kuma haka zan mutu. Riƙon wuƙa kawai nake roƙo ya sakar min.

Ki gaida Inna, ki gaida yara kowa da sunansa.

Ƙaninki,
Zabeirou

Greensboro, Mayu 2005

Yaya Saadatou,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida duka. Yaya zafi? Hadari ya fara haɗuwa kuwa? Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu nan komai ya yi kore shar, har wata ƙurar fure mai ruwan ɗorawa ta rufe motoci, Zahara sai atishawa take yi.

Takardarki ta iso. Na gode da kika yi ƙoƙari. Kin ce ya saurara har ƙarshe, ya mayar da ƙarfe cikin wuta, ya ce ya riga ya faɗi tasa. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Na yi ta zagaye ɗaki ina magana ni kaɗai. Mutum da gemunsa, da matarsa, a bayan teku, a ce har yau hannunsa yana cikin riga. Kada ki karanta masa wannan wurin.

Ran Juma'a bayan salla na tare Malam Abdurrahim, limaminmu, na tambaye shi. Ya ce shi dai abin da ya sani, ci da sha da bayarwa da karɓa su ne na dama, riƙon kayan aiki kuwa bai ga laifi a kansa ba. Amma da na ba shi labarin alkawarin, sai ya ce wannan kuma tsakanina da mahaifina ne. Zahara tata shawarar gajeriya ce. Ta ce in sa a ƙera ta hagu, wa zai gani, Baba yana Zango ni ina nan. Na ce mata ai don ba ya gani ɗin ne ya karɓi alkawarina. Da yana gani da ba ya bukata.

To na zaɓi wuƙa. Ki bari in ba ki labarin zaɓin, wannan kam ki karanta wa Baba, na san zai so ji ko bai nuna ba. Eli ya zaunar da ni bayan an tashi daga abincin rana, ya shimfiɗa nasa wuƙaƙen a kan ƙyalle. Akwai gajeriya mai kauri ta fasa kan kifi da raba shi da ƙaya, akwai mai faɗi ta ganye, sai doguwar ta yanka, wadda suke ce wa yanagi. Ita nake bukata. Ƙarfen kala biyu ne, fari da shuɗi, amma ba launin ƙarfen ba ne, launin takardar da ake naɗo shi ne daga inda ake narka shi. Farin ya fi saurin ɗaukar kaifi a dutse, kuma kaifinsa ya fi tsanani, sai dai yana saurin gajiya. Shuɗin ya fi jimiri, amma ya fi taurin kai wajen washi. Eli ya ce sabon shiga ya ɗauki shuɗi. Na ce ni a gindin dutsen washi na tashi, washi ba ya ba ni tsoro, fari nake so. Ya yi dariya ya ce na cika ɗan maƙeri.

Abin da zai burge Baba shi ne ƙarfe biyu ne suke haɗawa a wuta: mai tauri a wajen baki, mai laushi a bayansa ya goya shi, don kada ya karye. In an wasa har layin haɗin ake gani, yana tafiya kamar alamar ruwa a jikin randa. Ƙotar kuwa farin ice ne mara nauyi, da zoben ƙaho a wuyanta, kuma tana da ɗan tudu a gefe guda inda yatsu za su kwanta. Ita ma ƙotar da hannunta.

Da muka zo kan tambayar hannu, Eli ya ɗaga waya zai kira mutumin da yake kawo su daga wani gari na Japan wai shi Sakai, ya dube ni. Na ce ta dama. Ya sake tambaya, wai ko bai ji ba. Na ce ta dama. Ya gaya min in an ƙera an ƙera, ba a mayarwa, kuma ba a juya mata baki. Na ce na sani. Bai ƙara ba, mutum ne da ba ya shiga abin da ba nasa ba.

Ki gaya wa Baba na bi maganarsa. Hannun dama da ya koyi tuwo zai koyi kifi, in Allah ya yarda. Ina da lokaci har ƙarshen shekara.

Ki gaida Inna da kyau. Zahara ta ce a gaya miki kukar da kika aiko ta kusa ƙarewa.

Naki,
Zabeirou

Greensboro, Satumba 2005

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, da fatan sabon hatsi ya fara shigowa kasuwa an sami sararawa. Yaya Inna? Yaya shirin azumi? Allah ya kai mu da rai da lafiya.

Wuƙa ta iso. Cikin wani dogon akwati na kwali, a naɗe da takarda mai maiƙo, da kubenta na ice. Maƙerin ya sassaƙa sunansa a jikinta da rubutunsu, ban iya karantawa ba, amma na ga sawun hannun mutum. Na daɗe ina kallonta. Na shinshina ta, Yaya, ki yi dariya in kin so. Ƙamshin maƙerar Baba ne sak, ƙarfe da mai.

Na kawo ta gida ranar farko don in nuna wa Zahara. Babu kifi a gidan, sai na gwada ta a kan albasa, abin da in Eli ya ji sai ya yi min faɗa. Na yanka guda har ta ƙare, idona ko yaji bai yi ba. Na tsaya na yi wa Zahara dogon bayani, cewa dakusasshiyar wuƙa ce take sa hawaye, don murje albasar take yi ruwanta ya tashi, mai kaifi kuwa wucewa take yi salin-alin. Ta ce ta ji, malam, a ba ta wuri ta ɗora tukunya.

Kiwonta sai ka ce jariri. Kowane yanka sai a goge ta da ɗanyen ƙyalle, in an gama a wanke, a tsane ta da busasshe nan take. Ba ta taɓa ƙashi, ba ta taɓa abin da ya daskare a firigo, bakinta zai ɓalle. Lemon tsami in ya taɓa ta aka yi jinkiri sai ya bar tabo. Dutsen washinta sai an jiƙa shi a ruwa ya sha ya ƙoshi, kuma hawa-hawa ne, daga mai kaushi zuwa mai santsi. Da amfani, ƙarfen yana yin wani duhu-duhu, toka-toka da shuɗi. Wannan ba dauɗa ba ce, riga ce ƙarfen yake yi wa kansa, tana tare tsatsa. Tawa ta fara yi, ina ta murna.

Sai Zahara. Ranar hutuna na kawo ta gida don washi, na bar ta a kan kantar ɗakin girki na fita sayen nama a High Point Road, daga nan hira ta ɗauke ni a shagon 'yan garinmu. 'Yar mutanen kirki ta ga baƙar wuƙa a ɗakin girkinta. Ta ɗauko soson ƙarfe da sabulu ta dirje ta tas yadda ake dirje gindin tukunya, ta ɗauraye, ta jingine ta cikin cokula da ruwanta. Na dawo na tarar da ita duk ƙuje-ƙuje, ja-ja ya fara fitowa a baki. Kin san halina, na yi faɗa har maƙwabci ya buga bango. Ta bari na gama, ta ce a gidan uwarta ba a taɓa barin ƙarfe ya kwana da baƙi ba, kuma in wuƙar sarauniya ce in gina mata ɗakinta. Dariya ta kama ni dole. Na zauna da dutse na gyara, yanzu ba abin da ya same ta sai 'yan layuka.

Wuƙa kam ba ta da laifi. Ni ne. Kullum kafin a buɗe ina tsayawa a gefen Lucia ina koyo a kan guntayen da ba za a sayar ba. Ita yanka ɗaya take ja. Ni hannuna sai ya tsaya a tsakiya, ya yi rawa kaɗan, fuskar kifin ta fito da tsani-tsani. Wanda bai sani ba ba zai lura ba, amma Eli ɗagawa yake yi ya duba a haske ya ajiye gefe. Dama ta iya aiki, Yaya, amma sai na gaya mata kowane abu. Hagu ba ta jiran a gaya mata.

Rana ɗaya da ba kowa na ce bari in gani, na mayar da tawa wuƙar hagu a kan guntun da za a zubar. Ta ƙi. Ina tura ta nan tana karkata can, don bakinta ba ta nan yake kallo ba. Saura kaɗan ta ɗauke min yatsa. Na mayar da ita kube na zauna. Hannun da ya iya ba shi da wuƙa, wuƙar da nake da ita kuma hannunta bai iya ba.

Ban fid da rai ba tukuna. Ku sa ni a addu'ar azumi. A gaida Baba da Inna.

Ƙaninki,
Zabeirou

Greensboro, Disamba 2005

Yaya Saadatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. An sha ruwa lafiya, an yi salla lafiya? Yaya sanyi wajenku? Namu ya shigo da ƙarfinsa, da safe sai an kankare gilashin mota. Na ji daɗi da kika ce Inna tana zuwa maƙwabta da ƙafarta.

Na yi mamakin takardarki. Ban zaci za ki karanta masa labarin Zahara da soson ƙarfe ba, balle in ji ya yi dariya har da tari. Ki gaya masa saƙonsa ya iso, ina shafa mata ɗan man gyaɗa kafin in mayar da ita kube, yadda ya ce. Tambayoyinsa kuma, na yadda suke haɗa ƙarfe biyu ba tare da mai taurin ya ƙone ba, da dalilin da ya sa suke wasa gefe ɗaya, wallahi sun fi ƙarfina a takarda. Amma na sami hanyar amsa masa, za ki gani a ƙasa.

Lucia ta tafi. Mun yi mata 'yar walima, ta rungumi kowa, ta naɗe wuƙaƙenta ta tafi da su. Wurinta kuma an ba wani saurayi da ya zo daga Raleigh. Eli ya kira ni gefe ya gaya min da bakinsa tun kafin in ji a wajen wasu. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi naci kamar ni ba, amma ba zai sa wa mutane yankan da shi kansa ba zai ci ba. Gaskiya ya faɗa. Saurayin ya iya, na tsaya na kalle shi. Na koma kan dankalina da albasata.

Ya yi min ciwo, ba zan ce miki bai yi ba. Kwanakin farko ko abinci ba na jin daɗinsa. Zahara ba ta ce ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, Allah ya saka mata. Yanzu zuciyata ta kwanta. Na yi alkawari na cika, kuma ba wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Ga abin da na yanke. Wuƙar nan ba ta zama a kube ba ce, baƙin ƙarfe in ba a aiki da shi lalacewa yake yi. Ta dama ce, kuma a duk waɗanda na sani ba mai hannun daman da ya cancance ta kamar Baba. Alhaji Hamissou, mai shagon da muke sayen nama, zai zo gida layya, ya yarda zai sa ta cikin balis, akwatin da ake aunawa a jirgi, ya kai masa hannu da hannu. Na haɗa da dutsen washi guda biyu. In ya riƙe ta ya duba layin haɗin da idonsa, zai gane abin da ni na kasa bayyanawa.

Yaya, ki tsaya a kan wannan: ki tabbatar ya san ba da fushi na aiko ta ba. Kada ya ɗauka jefo masa ita na yi don in ce ga abin da ka jawo min. Kyauta ce daga ɗan maƙeri zuwa ga maƙeri. In ya tambayi labarin aikin, ki gaya masa gaskiya a taƙaice, kada ki ƙara gishiri, na san ki.

Kuma don Allah ran layya ki sa ido. Kada yaran nan su ɗauke ta su hau ƙashin rago da ita. Tsoka kawai, ita ma a ja, ba a sara ba. In an gama a goge ta ta bushe. Ki ɓoye ta daga Inna da tokar wanke-wankenta.

Allah ya nuna mana salla lafiya. A gaida kowa.

Naki har kullum,
Zabeirou

Greensboro, Fabrairu 2006

Zuwa ga yayata Saadatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barkanmu da salla, ko da ta wuce. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara, da Inna, da Baba. Mu nan lafiya ƙalau. Kilishi da kuka da daddawa duk sun iso, Zahara tana godiya.

Alhaji Hamissou ya dawo. Kin rubuta min cewa Baba ya karɓi wuƙar ya sa albarka, daga nan kuma ba ki san komai ba, sai dai kin ga ya daina karɓar aikin fartanya yana rufe kansa a maƙera. To ni na san sauran, Alhaji ya zaunar da ni a bayan shagonsa ya ba ni labari, bari in ba ki.

Ya ce da ya kai masa, Baba ya zare ta ya fita da ita rana. Ya daɗe yana juya ta. Ya gwada bakin a farcensa, ya ƙyasta ta da yatsa ya kai kunnensa mai ɗan ji. Ya ce wanda ya ƙera wannan ya san wuta. Washegarin salla Alhaji ya koma gaishe shi, ya tarar da shi a zaure da tsokar cinya a kan faranti, yana ja da dama, yankan yana sauka kamar takarda. Sai ya tambayi Alhaji labarin aikina, Alhaji ya gaya masa an ba wani. Sai Baba ya mayar da wuƙar hannunsa na hagu ya ɗora a kan naman. Ta karkace masa. Ya gyara riƙo ya sake, ta sake karkacewa. Ya matsa mata da ƙarfi, kin san ƙarfin hannun Baba, ta yaga naman ta fita ta gefe. Alhaji ya ce Baba ya ajiye ta a cinyarsa yana kallonta kamar ya manta da baƙo a wurin. Daga baya ya ce, ba da Alhaji yake ba, wuƙar lafiyarta lau, hannun ma lafiyarsa lau, wanda ya haɗa su ne bai duba ba.

Ana gobe Alhaji zai taso, Baba ya je har gidansu da ƙafarsa ya ba shi wani abu a naɗe da tsumma, ya ce a kawo min. Ba takarda. Saƙon baki ɗaya ne, wai in riƙa goge ta ta bushe.

Ban buɗe a shagon ba, na kawo gida. Kube ne na jar fata, ɗinkin Damagaram. Na zare. Wuƙa ce, Yaya, ƙirar Baba, da ƙarfen sifirin mota, sawun masaba duk a bayanta. Ya kwaikwayi siffar waccan, sai dai ta fi ta gajarta da kauri. Alhaji ya ce ya ga guda biyu da suka karye a gefen uwar maƙera kafin wannan ta yi. Na ɗauka tukwici ne kawai. Na riƙe ta da dama yadda na saba, sai na ji ƙotar ba ta zauna ba, wani tudu yana tokare min tafi. Na ce tsufa ya fara kama Baba. Sai na juya ta na dubi bakin. Gefe ɗaya ya wasa, kuma ba gefen da waccan take da shi ba.

Na mayar da ita hagu. Tudun ya faɗa ƙarƙashin yatsuna daidai, kamar ya auna.

Na kai wa Eli ya gani. Ya juya ta, ya gwada, ya ce ta yi nauyi ga ɗanyen kifi amma ga ganye da nama ba ta da matsala, kuma yana so ya ga mutumin da ya kalli wuƙa sau ɗaya ya ƙera 'yar'uwarta. Ran nan ya sake ɗaga waya ya kira mutumin Sakai. Da ya dube ni ban bari ya tambaya ba. Ta hagu ta fi daɗewa kafin ta zo, don ba su cika ƙera ta ba. Ya ce in ta iso zan riƙa tsayawa a teburin ranakun da mutane suka yi yawa, daga nan a ga abin da Allah zai yi. Ba na gaggawa.

Amma abin da na fara yankawa da ta Baba a gida ne, ranar da ta zo. Zahara tana haɗa miya, na ce ta ba ni albasar. Na yi bisimilla na yanka da hagu, a karon farko abin da mutum zai ci. Ta juyo ta ga fuskata, na ce mata albasa ce. Ta ɗauki wuƙar ta gwada bakin a farcenta, ta miƙo min, ta ce wani malami ya taɓa gaya mata mai kaifi ba ta sa hawaye, wannan kuwa aska ce. Ta juye albasar a tukunya, muka ci tare.

Wannan takardar ki karanta masa ita duka, kada ki tsallake ko'ina. Ki matsa kusa da kunnensa na dama, shi ne mai ɗan ji. Ki gaya masa ta iso, ta zauna a hannu, kuma ina goge ta ta bushe. Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar mana shi.

A gaida Inna, a gaida yara, a gaida duk mutanen maƙera.

Ƙaninki,
Zabeirou Bahago